Masu share fage a wasannin manyan ƙungiyoyin rok: tambayoyi da amsoshi

A Turai da Amurka, idan babbar ƙungiyar kiɗan rok irin Rolling Stones ta fita rangadi, ba ita ke fara hawa dandamali ba. Akwai waɗanda ake turowa gaba su yi minti talatin ko arba'in kafin masu gayya su fito. Yadda 'yan kallo ke karɓar waɗannan bayin Allah ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin cikin waɗanda aka yi wa ature akwai gwanayen da daga baya duniya ta sara musu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Su wane ne masu share fage, kuma mene ne amfaninsu?

Yawanci sabuwar ƙungiya ce da ke neman suna, ko mawaƙin da ya yi fice a wani fanni daban ana so a gabatar da shi ga sabon taro. Wanda ya saba zuwa filin dambe ya san tsarin: yara ke fara zagawa su ɗumama fili, manya sai yamma ta yi. Amfaninsu ga mai shirya wasa a fili yake. Filin da ke cin mutum dubu hamsin ba ya cika lokaci ɗaya, ana buƙatar abin da zai riƙe waɗanda suka riga shiga, kuma muddin mutane na ciki suna jira, masu sayar da abinci da abin sha da riguna suna ciniki.

Kusan duk waɗanda ake kira manya a yau ta wannan ƙofa suka shigo. A farkon 1963 Beatles suna can ƙasa a jerin masu wasa a rangadin wata yarinya mai shekara 16, Helen Shapiro. A ƙarshen shekarar Rolling Stones suka zaga Ingila suna share wa Everly Brothers da Bo Diddley da Little Richard fage. Queen ta yi wa Mott the Hoople a 1973. Metallica ta yi wa Ozzy Osbourne a 1986.

Da gaske ne ana jifansu, ko dai ƙari ne irin na masu ba da labari?

Gaskiya ne, kuma wanda ya fi shahara shi ne abin da ya sami Prince, mawaƙi baƙar fata ɗan Amurka.

Ranar 9 ga Oktoba 1981, Rolling Stones suka yi wasa a babban filin Coliseum na birnin Los Angeles, mutum sama da 90,000 suka cika shi. Mick Jagger, mawaƙin Rolling Stones, da kansa ya so a sa Prince, wanda a lokacin yana da shekara 23, ya fitar da kundaye uku, amma sunansa bai kai kunnen yawancin fararen fata masu sauraron rok ba. Shi aka sa ya fara, da rana tsaka, kafin George Thorogood da J. Geils Band. Mutane sun shigo tun da hantsi, rana ta gasa su, da yawa sun yi tatul da giya. Sai ga wani ɗan siririn saurayi ya fito da doguwar kwat a buɗe, ɗan kamfai a ciki, da takalma masu tsini, yana waƙa da siririyar murya.

Ba a jima ba aka fara ihu, daga ihu aka koma jifa: gwangwani, kwalabe, ragowar abinci, takalma. Ana haɗawa da zagi, wasu na launin fata, wasu na cewa ɗan daudu ne. Bayan 'yan waƙoƙi ya ajiye jita ya sauka. Bill Graham, wanda ya shirya wasan, ya fito a fusace ya wanke taron tas, amma aikin gama ya gama. Prince ya hau jirgi ya koma gida Minneapolis a ranar.

Akwai wasa na biyu ranar 11 ga wata. Sai da Jagger da makaɗin jitar Prince, Dez Dickerson, suka yi ta lallashinsa ta waya kafin ya yarda ya dawo. A nan ne abin ya fi ba ni takaici. Labarin ranar farko ya bazu, saboda haka wasu suka zo da shirinsu, suka taho da abin jifa tun daga gida, har da ɓangarorin kaza da suka fara ruɓewa. Na ranar farko kana iya cewa zafin rana ne da maye. Wanda ya ƙulle nama a leda ya ajiye don ya jefi mutumin da bai taɓa yi masa komai ba, wannan mugunta ce da aka kwana da ita. Prince ya daure ya kammala ɗan lokacin da aka ba shi.

Shekara uku bayan haka, a 1984, kundinsa Purple Rain ya yi mako 24 a matsayi na ɗaya a jerin kundayen da aka fi saya a Amurka.

Amma ai shigar da ya yi ce ta ja masa, ko?

Shigar ta taimaka, ba a musu. Sai dai taron da ya jefe shi ya biya kuɗi ne don ya kalli Mick Jagger, mutumin da ya shekara da shekaru yana fitowa da kwalli da matsattsen wando yana karairaya a dandamali. Abin da suka yafe wa Bature ɗan Ingila ba su yafe wa baƙar fata ɗan Minneapolis ba.

Kuma abin ya fi ciwo idan ka san asalin Rolling Stones. Sunan ƙungiyar ma daga wata waƙar Muddy Waters suka ɗauko shi, baƙar fata ɗan Mississippi. Kiɗan da suka koya suna samari a Landan na baƙaƙen Amurka ne, ba su taɓa ɓoye hakan ba. A 1965, da aka gayyace su wani shirin talabijin a Amurka, suka nace sai an sa Howlin' Wolf, wani mawaƙi baƙar fata, suka zauna a ƙasa kusa da shi suna kallo. A rangadin 1969 B.B. King da Ike da Tina Turner ne suka share musu fage. A 1972 Stevie Wonder, a 1978 Peter Tosh na Jamaika. Ƙungiyar ta san inda ta sha ruwa. Da yawa daga masoyanta ne ba su sani ba, ko ba su damu su sani ba.

A 1989 suka ɗauki Living Colour, ƙungiyar rok ta baƙaƙe zalla, suka zaga Amurka da ita, har da wannan fili na Coliseum.

Ba rashin iyawa ne ke sa a yi wa mutum ihu ba?

Wani lokaci haka ne, ba kowane mai share fage ne gwani ba. Amma idan ka bi labaran da suka yi ƙaurin suna, za ka ga mafi yawa rashin dacewa ne tsakanin mai wasa da taro.

Dubi makaɗin jita Jimi Hendrix. A watan Yuni na 1967 ya girgiza bikin Monterey a California, inda ya cinna wa jitarsa wuta. Mako uku bayan haka aka haɗa shi rangadi da Monkees, ƙungiyar da aka ƙirƙira don wani shirin talabijin, wadda masoyanta yawancinsu 'yan mata ne ƙanana, wasu ma iyayensu ne suka rako su. 'Yan Monkees ɗin su ne suka nemi a kawo shi, suna laɓewa gefen dandamali suna kallonsa baki buɗe. Su kuwa yaran ko a jikinsu. Yana kaɗa jita suna kiran sunan Davy Jones, ɗaya daga cikin 'yan Monkees, wanda suka zo dominsa. Bai kai mako biyu ba ya haƙura, ya bar rangadin bayan wasannin filin Forest Hills a New York. Wannan shi ne mutumin da har gobe ake sa shi a sahun farko idan ana lissafin makaɗa jita.

Ramones ma sun sha irin wannan. A ƙarshen 1978 aka sa su gaban masoya Black Sabbath a California, a 1979 kuma gaban masoya Aerosmith da Ted Nugent a Toronto, duka biyun suka sha ruwan kwalabe. Waƙoƙinsu gajeru ne masu sauri, minti biyu an gama, taron kuwa ya saba da dogon kiɗan jita. A 1991 Alice in Chains suka zaga Amurka gaban Slayer da Megadeth da Anthrax. Masoya Slayer sun yi suna wajen kiran sunan gwanayensu ba ƙaƙƙautawa har mai share fage ya rasa jin kansa, kuma haka suka yi musu, da jifa a kai. Shekara ɗaya bayan nan Alice in Chains na cikin ƙungiyoyin da aka fi saurara a ƙasar.

Me ya sa sautin masu share fage ba ya kai na masu gayya daɗi?

Wannan tambaya ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin mutane da yawa na yanke wa ƙungiya hukunci a kan abin da ba laifinta ba.

Kayan masu gayya ake fara girkewa, su cinye dandamali, a lulluɓe su da baƙin ƙyalle. Mai share fage sai ya lallaɓa ya jera nasa a ɗan sararin da ya rage a gaba, mai ganga ma wani lokaci a gefe ake cusa shi. Gwajin sauti da rana na masu gayya ne. Idan sun makara ko sun ja lokaci, na ƙasa ya samu minti goma, ko ya hau haka nan ba gwaji. Sau da yawa ba a sakar masa ƙarfin lasifika duka, ana ragewa don idan manya sun fito a ji bambanci. Fitilu kaɗan ake ba shi, manyan allunan hoto da tartsatsin wuta kuwa ba nasa ba ne. A filin ƙwallo da bazara, yana wasa ne rana ba ta faɗi ba, ba duhun da ke haɗa hankalin taro wuri ɗaya.

Ga kuma kujeru. Filin da bai cika ba yana mayar da sauti, ya bugi kankare ya dawo ya cakuɗe. Jikin mutane ne ke shanye wannan amsa-kuwwa, shi ya sa fili cike ya fi daɗin ji. Mai share fage yana waƙa ne rabin jama'a na layin shiga, wasu na neman kujera, wasu na layin bayan gida. Waɗanda ke gaba-gaba, da yake gani ido da ido, su ne riƙaƙƙun masoyan masu gayya da suka yi sammako don kama wuri, sun yi awa shida ko takwas a tsaye, kuma a ganinsu shi ne shingen ƙarshe tsakaninsu da abin da suka zo gani.

Su manyan ba sa tsawatar wa masoyansu?

Wasu na yi, kuma ina ganin girmansu a kan haka. A 1981 The Clash suka yi wasa 17 a jere a wani zaure mai suna Bond's a tsakiyar New York, suka riƙa gayyato masu share fage iri-iri da gangan. Cikinsu akwai Grandmaster Flash and the Furious Five, a lokacin da kiɗan gambarar zamani bai fita daga unguwannin baƙaƙe na birnin sosai ba. Taron ya yi musu ihu da jifa. Joe Strummer, jagoran The Clash, ya nuna ɓacin ransa a fili ya yi wa masoyansa faɗa. Abin lura, waɗannan masoya su ne masu alfahari da cewa ƙungiyarsu na yaƙi da wariyar launin fata.

A ranar 30 ga Yuli 2003 aka yi gagarumin wasa a Toronto don farfaɗo da birnin bayan annobar SARS, mutum kusan 450,000. Rolling Stones da AC/DC da Rush ne manya. Aka sa Justin Timberlake, wanda ba mawaƙin rok ba ne, da rana, aka yi masa ruwan robobin ruwa. Da dare Rolling Stones suka kira shi ya hau su yi waƙa ɗaya tare, jifa ta ci gaba, sai Keith Richards, makaɗin jitar Rolling Stones, ya tako bakin dandamali da jitarsa a rataye ya nuna masu jifan da hannu yana yi musu tsawa.

Amma tsawatarwa bayan an riga an yi ɓarna ƙaramin abu ne. Wanda ya fi shi ne jagoran masu gayya ya fito da kansa tun farko ya gabatar da baƙonsa, ya ce wannan nawa ne, ni na kawo shi. Minti ɗaya ne, kuma yana canza fuskar taro. Kaɗan ne ke yin haka, domin ana son fitowar manya ta zama ba-zata.

An taɓa samun mai share fage da ya ƙwace taro daga hannun masu gayya?

Sau da yawa. A 1978 Van Halen, da kundinsu na farko a hannu, suka bi Black Sabbath rangadi. Sabbath a lokacin gajiya da shaye-shaye da rigimar cikin gida sun ci ƙarfinsu, su kuwa yaran California jininsu na tafasa, ga Eddie Van Halen na yin abin da ba a saba ji ba da jita. Ozzy Osbourne, mawaƙin Sabbath, da bakinsa ya amsa daga baya cewa yaran sun fi su a wannan rangadi. Shekarar da ta biyo aka sallame shi daga ƙungiyar.

A watan Agusta 1976 a Knebworth, Ingila, an gina wa Rolling Stones dandamali mai siffar baki, da dogon harshe da ya miƙo cikin jama'a. An gargaɗi sauran masu wasa kada kowa ya taka harshen nan. Da Lynyrd Skynyrd suka kai waƙarsu ta ƙarshe, mawaƙinsu Ronnie Van Zant ya kora makaɗan jitarsa har kan harshen, taron ya ruɗe. Rolling Stones ba su fito ba sai can cikin dare bayan dogon jinkiri, kuma da yawa daga waɗanda suka halarta, wasan Skynyrd suka fi tunawa.

Led Zeppelin ma wasansu na farko a Amurka, ranar 26 ga Disamba 1968 a Denver, share fage ne ga Vanilla Fudge, kundinsu na farko bai ma fito ba. Cikin 'yan watanni ba mai son ya hau bayansu.

Tsoron kada mai share fage ya ƙwace taro na daga cikin dalilan da ke sa a rage wa na ƙasa sauti da fitila.

Idan wulaƙancin ya kai haka, me ya sa suke yarda? Kuɗi ne?

Ba kasafai ba. Abin da ake biyan ƙaramar ƙungiya sau da yawa ba ya rufe kuɗin mota da masauki da ma'aikata. Akwai ma al'adar da ƙungiya ko kamfaninta ke biyan kuɗi don a sa ta a rangadin manya. Cinikin riguna da faya-fayai a bakin ƙofa shi ke ɗan rufa asiri, shi ma masu zaure na yankar kasonsu.

Abin da ake nema shi ne ido. Ƙungiyar da ta saba wasa gaban mutum ɗari uku, a dare ɗaya za ta tsaya gaban dubu ashirin. Ko ɗaya cikin goma ya koma gida da sunanta, ta ci riba. Stevie Wonder sananne ne tun yana yaro, amma rangadin 1972 ya kai shi gaban fararen matasa masu sauraron rok da ba su taɓa ganinsa a dandamali ba, kuma a farkon 1973 waƙarsa ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Guns N' Roses suka fara bin Aerosmith a 1988 a matsayin yara, kafin rangadin ya ƙare kundinsu ya kai na ɗaya.

Akwai kuma wanda ya ɗanɗana ya ce ya ƙoshi. Bruce Springsteen ya share wa ƙungiyar Chicago fage a manyan zauruka a 1973, bai ji daɗin yadda taro ya yi biris da shi ba, ya koma ƙananan wurare inda zai yi awa biyu ko uku gaban waɗanda suka zo dominsa, a haka ya gina nasa taron.

Wanda ya sayi tikiti da kuɗinsa ba shi da 'yancin nuna bai ji daɗi ba?

Yana da 'yancin ƙin tafi, yana da 'yancin fita ya sha iska har a gama. Jifa kuwa ba ra'ayi ba ne, kwalba na fasa kai, kuma wanda ke ƙoƙarin kaɗa jita ba shi da hannun karewa. Ihu ma, duk da ba ya zubar da jini, yana hana na kusa da kai da ke son saurare. Mai share fage ba kutse ya yi ba, gayyatarsa aka yi, kuma sau da yawa gwanin da kake jira shi ya zaɓo shi.

Mawaƙan yankinmu sun taɓa samun wannan dama?

Sun samu. Tinariwen, ƙungiyar Abzinawa daga arewacin Mali, sun share wa Rolling Stones fage a Slane da ke ƙasar Ailan a watan Agusta 2007, da rawunansu da manyan rigunansu, suna waƙa da Tamashek. A 2012 suka ci kyautar Grammy. Bombino, ɗan Agadas a Nijar, ya bi Robert Plant, tsohon mawaƙin Led Zeppelin, rangadi a Amurka a 2013. Plant ya daɗe da son kiɗan Sahara, har ya je bikin hamada da ake yi kusa da Tumbutu a 2003. Amadou da Mariam na Bamako kuwa sun yi wa Coldplay a 2009, suka yi wa U2 a Afirka ta Kudu a 2011.

Abin da ke taimakon makaɗan Sahara shi ne jita. Mai sauraron rok ko bai ji kalma ɗaya ba, kunnensa ya san wannan kaya, kuma yana jin dangantakar da ke tsakanin kiɗan da na baƙaƙen Amurka da gwanayensa suka koya.

Har yanzu ana yin irin abin da aka yi wa Prince?

Ya ragu ƙwarai. Ba a shiga da kwalbar gilashi, abin sha a kofin roba ake ba da shi, a wurare da yawa ma sai an cire murfin robar ruwa kafin a miƙa maka don kada ta yi nauyin jifa. Ga masu tsaro, ga kyamarori, ga wayar kowa a hannu, wanda ya yi jifa yana iya ganin fuskarsa a intanet kafin ya isa gida. Masu sauraro ma sun canza. Wanda ya girma yana jin kowane irin kiɗa a waya ɗaya ba ya ɗaukar rok kamar ƙabilar da dole ya kare mata iyaka. Masoyan tsofaffin ƙungiyoyin kuma sun manyanta, da yawa da jikoki suke zuwa.

Matsalar yau ita ce biris. Ana sanar da lokacin da kowa zai hau tun da rana, tikiti kuma na da lambar kujera, saboda haka mutane da yawa sai su lissafa su iso daidai fitowar masu gayya. Waɗanda suka riga shiga, kai a sunkuye kan waya, ko suna hira da ƙarfi kamar rediyo aka kunna musu. Ƙungiya za ta yi wata da watanni tana shiri, ta ci bashi don ta bi rangadin, ta hau ta tarar da kujeru fayau da 'yan tsirarun mutane a warwatse. Ga kuma tsadar tikitin manyan ƙungiyoyi, wadda ta sa matasa, waɗanda su ne suka fi saurin karɓar sabon abu, ba su da yawa a cikin filin tun farko.